Kafin A Kwance Injin Tsohuwar Kombi

Akawu ko malamin makaranta wanda ya daɗe yana tari, ya ga kuɗinsa ba za su kai na sabuwar mota ba, ya kan karkata ga tsohuwa. In kuwa mai iyali ne, ko yana da gona a bayan gari, sau da yawa idonsa ya kan faɗa kan 'yar bas ɗin nan mai ɗaukar mutane da kaya gaba ɗaya. Ba mu ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da dai mu ke so masu karatu su lura da shi, shi ne wanda ya sayi tsohuwar mota ya saye ta ne tare da dabarun duk mutanen da suka riƙe ta kafinsa. Kowane ɗayansu ta taɓa mace masa a hanya, wataƙila da dare, wataƙila cikin ruwan sama, ya yi abin da zai kai shi gida da 'yar waya, ko robar tsohon tif, ko kwali, ko ƙusa. Ya ƙudura a ransa gobe zai kai ta gareji a yi gyara na sosai. Goben ba ta zo ba har motar ta sake hannu, sabon mai ita kuma ya ɗora tasa dabarar a kan ta wancan.

Duk akawun da ya taɓa gadar littafin kuɗi daga hannun wani ya san irin wannan al'amari. Sai ka tarar an kankare wata lamba an rubuta wata, jimla ta daidaita a ƙasan shafi, amma ba ka san abin da aka rufe ba. Akawun kirki ba ya ƙara wata kankara a kan ta dā. Ya kan koma baya shafi-shafi har ya isa ranar da lissafi ya soma karkacewa. To, haka ya kamata a yi wa tsohuwar mota. Kowane ɗauri da ka gani a jikinta shaida ne na wani ciwo da ta taɓa yi, ciwon kuwa sau da yawa yana nan kwance ƙarƙashin ɗaurin.

Za mu ɗauki mota guda mu yi misali da ita, watau Volkswagen Kombi, gama ta yi shekara da shekaru tana bin hanyoyinmu, sauƙin ƙirarta kuma ya sa kowa yana ganin zai iya sa mata hannu. Wani ɗan kasuwa mutumin Holan mai suna Ben Pon shi ya fara zana siffarta a takarda a 1947. Aka soma ƙera ta a Wolfsburg ta ƙasar Jamus cikin watan Maris na 1950, sa'an nan aka mai da aikin Hanoba a 1956. Ta farko mai gilashin gaba biyu ce, an yi ta har 1967. Mai gilashi ɗaya ta biyo baya har 1979. A Barazil kuwa ba a daina ƙera ta ba sai cikin Disamba na 2013. A Nijeriya an buɗe masana'antar haɗa motocin Volkswagen a Ikko a 1975, da Kombi kuma aka fara sanin motocin hayan nan na Ikko da a ke kira danfo. Ba don ado muka jero waɗannan shekaru ba. Cikin wannan dogon zamani an sake girman injin, an sake ƙarfin wuta, an sake birki, amma yawancin kayan wannan shekara su kan shiga gurbin na waccan, noti ya ɗauru daram, ko da ba su dace da juna ba. Rabin wahalar daga nan ta ke.

Saboda haka aikin farko shi ne mutum ya san wace mota ce a hannunsa. Ya karanta lambar shasi, ya karanta lambar injin, wadda a ke bugawa a jikinsa ƙarƙashin mazaunin dinamo, ya gwada su da littafin motar ya gani ko shekararsu ɗaya. Da wuya ka sami Kombi mai shekara arba'in da injin da ta fito da shi. Ga misali guda. Kafin wajen 1967 wutar waɗannan motoci bolt 6 ce, daga baya aka mai da ita bolt 12. Faifan ƙarfen nan mai haƙora wanda kik ke juyawa, makanikai suna ce masa filawil, na tsohon injin haƙoransa 109 ne, na sabon 130. In an ɗora wannan injin a waccan mota ba a sake kik ba, sai a riƙa jin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa duk sa'ad da aka murɗa makulli. Mai motar ya yi ta sayen kik, alhali kuwa kowane kik da ya saya lafiyarsa lau, haƙora ne ba su gamu ba.

Aiki na biyu kallo ne, kuma a yi shi kafin a ta da injin. Kada a wanke shi tukuna, don sawun baƙin mai da ƙura shi ke nuna inda yoyo ya ke fitowa. A je da sassafe injin yana da sanyi. Mai sayarwa wanda kullum ka zo ka tarar ya riga ya ɗuma mota, akwai abin da ba ya so ka ji. A ɗauki ɗan littafi da fensir, a buɗe ƙofar baya, a rubuta duk abin da ido ya gani wanda ba daga masana'anta ya fito ba: wayar da aka murɗa da hannu, tiyo mai wani launi dabam, noti mai kan da ya cinye, ramin da aka toshe da itace, wurin da ya kamata a ga wani abu amma babu. A gaban kowanne a rubuta tambaya guda: me wancan mutum ya ke neman ya warkar? Kada a yi garajen cire kome. Wani ɗaurin shi ke riƙe da wani, in ka kwance shi ba ka gane dalilinsa ba, sai ciwo biyu su taso maka lokaci guda, ba ka san na wanda za ka bi ba.

Zafi

Injin Kombi na asali ba shi da lagireto, ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi. Fambel ɗaya ke juya dinamo, a bayan dinamon kuma akwai fanka cikin gidanta na kwano, ita ke hura iska ta bi ta kan silinda huɗu da kawunansu ta fita ta ƙasa. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin motar. Fitilar caji in ta kama ana cikin tafiya, ba maganar batir ba ce kaɗai. Mai yiwuwa fambel ya tsinke, fanka ta tsaya, cikin 'yan mintoci kuwa injin ya kan ƙone. Amma sau nawa a kan tarar an cire ƙwan wannan fitila, ko an liƙe ta da baƙin tef, don ta dami direba?

Murafan kwanon nan da suka kewaye injin, da robar da ke tsakaninsu da jikin mota, su ne katangar da ta raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa. Makaniki mai gaggawa ya kan ga sun tare masa hannu, ya cire ɗaya ya jefar, ya ce ai ma injin zai fi shan iska. Ba haka ba ne. Da an buɗe wannan katanga sai fanka ta riƙa zuƙo iskar da ta riga ta ɗauki zafin silinda da na salansa, ta sake hurawa. Haka kuma ƙofofi biyun nan na gidan fanka waɗanda ke kai iska wurin ɗumama ɗaki. A ƙasarmu ba wanda ya damu da ɗumama mota, sai a cire tiyon a bar ƙofofin a buɗe, iskar da ya kamata ta sanyaya injin tana zurarewa a banza. In ba a bukatarsu, a toshe su. Har 'yan robobin da ke rufe ramin fulogi suna da nasu aiki. Akwai kuma waɗansu 'yan farantai ƙanana da a ke maƙalawa ƙarƙashin silinda, su ke sa iska ta rungumi silinda har ƙasa maimakon ta wuce kai tsaye. Ido ba ya ganinsu sai an kwanta ƙarƙashin mota da tocila. Wanda ya taɓa haɗa injin ya manta da su ya bar wa magajinsa zafin da ba zai taɓa gane asalinsa ba, kome yawan kafireto da zai sake.

Mu ƙara da fambel ɗin kansa. Fulin dinamo gida biyu ne, da siraran washa a tsakani. A kan rage su ko a ƙara su don a ɗaure fambel, waɗanda aka rage kuma a kan ajiye su a bayan fulin ƙarƙashin noti. In an zubar da su, fulin ba ya kamuwa sosai, sai ya yi ta lilo har ya tsage. Fambel mai kyau in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya kan lotsa kamar rabin inci. A kuma zura hannu bayan gidan fanka, injin yana kashe, a laluba. Tsumma ko ledar da fanka ta zuƙe ta isa ta sa injin ya yi zafi wata da watanni. Hanyar gwaji ta direbobi ita ce a zaro sandar auna baƙin mai bayan doguwar tafiya. In yatsu ba su iya riƙe ta ba, zafi ya wuce kima.

Sai maganar silinda ta uku, wadda kowane tsohon makanikin Volkswagen ya san halinta. In ka tsaya bayan mota kana duban injin, ta ɗaya da ta biyu suna hannun dama, ta uku da ta huɗu suna hagu, ta ukun ita ce ta can ciki. A injunan da aka yi kafin 1971 abin sanyaya baƙin mai yana tsaye ne cikin gidan fanka, daidai kan hanyar iskar da ke zuwa wajenta, don haka kullum ta fi 'yan'uwanta zafi. Bawul ɗinta na fitar da hayaƙi shi ya kan fara miƙewa, in an ƙyale shi kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin, shi ke nan injin ya tashi aiki. Amma ba ya yin haka ba sanarwa. Tazarar bawul ya kamata ta zama milimita 0.15, watau kashi 6 cikin dubu na inci, a auna ta da ma'aunin nan mai siraran ganyayen ƙarfe injin yana da sanyi ƙalau. Wanda ke rubuta abin da ya samu duk sa'ad da ya auna, zai ga in tazarar bawul guda tana ta tsukewa, ya san ya kusa. Lafiyayyen injin Kombi yana da 'yar ƙara kamar ta keken ɗinki. Wanda ka ji ya yi tsit, yana kuma wahalar tashi da safe, a yi zaton wani ya matse bawulolin don mai saye ya ji daɗin sauti. Bawul ɗin da aka matse ba ya zama sosai a mazauninsa, ta nan kuwa ya ke sauke zafinsa.

Yadda gyara ke haifar gyara

Bari mu bi ciwo guda daga farkonsa, don a ga yadda a ke ɓata sawu. A injin 1600 na daga 1971 akwai robobi biyu da ke haɗa bututun da ke kai mai da iska daga kafireto zuwa kawunan silinda. Roba ta tsufa ta tsage, iska ta riƙa kutsawa, mai ya yi ƙaranci cikin gaurayen, mota ta riƙa mutuwa in an ɗaga ƙafa daga totur. Mai ita na farko ya murɗa sukurun kafireto ya ɗaga silo, ta daina mutuwa. Bayan kwana biyu ya ga ba ta da ƙarfi, wani ya sassauta distiribita, watau tukunyar nan da ke rarraba wa fulogai wuta, ya juya ta da kunne har ya ji injin ya yi kaifi. Yanzu wuta tana zuwa da wuri, mai kuma ya yi kaɗan, sai zafi ya ƙaru, a kan tudu a ji ƙara kamar ana kaɗa tsabar kuɗi cikin gwangwani. Mai ita na biyu ya gaji wannan, ya ga in an kashe makulli injin ya kan ci gaba da tari, ya ga fitilar baƙin mai tana ƙyaftawa in mai ya yi zafi ya tsinke, sai ya zuba mai kauri, daga baya ya zare wayar fitilar. Na uku shi ne malaminmu, wanda aka ce masa sai an kwance injin. Alhali kuwa asalin abin roba ce wadda ba ta kai kuɗin galan ɗaya na fetur ba.

Ana gane irin wannan yoyon iska da ɗan tiyo: a sa baki ɗaya a kunne, a bi mahaɗan bututun da ɗaya bakin injin yana silo, a kula da fambel kada ya kama hannun riga. Inda iska ke shiga za a ji tsaki. Fulogai kuma su kan ba da labari in an jera su bisa tsarin silindarsu. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Fari fat, mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Mai danshin maiƙo, baƙin mai na haurowa. In biyu na gefe ɗaya sun yi fari, biyu na ɗaya gefen ba su yi ba, ba sai an taɓa kafireto ba, gama kafireto ɗaya ke ciyar da su duka. Ciwon yana gefen nan.

Wajen wuta, tsarin tashin silinda shi ne 1, 4, 3, 2, tazarar kwantak kuwa milimita 0.4. A sa kwantak daidai tukuna kafin a sa lokacin wuta, don taɓa na farko ya kan gusar da na biyu. A nan akwai tarko iri uku da magabata su kan bari. Na ɗaya, tsagar da ke jikin babban fuli ba ma'anarta ɗaya ba a kowace shekara: wata digiri 7.5 ce kafin fistin ya kai ƙololuwa, wata 10, wata daidai ƙololuwar, wata ma digiri 5 bayanta. In fulin na wani injin ne, wanda ya bi tsagar ido rufe ya ɓata. Na biyu, tsofaffin distiribita an yi su ne su jinkirta wutar silinda ta uku da kamar digiri 3, saboda zafin nan nata. In wani ya taɓa zare ta ya mayar a karkace, ya zagaya da wayoyin fulogi don mota ta tashi, za ta tashi kuwa, amma sassaucin ya koma kan wata silinda wadda ba ta bukatarsa. Na uku, akwai wata distiribita ta Bosch da a ke kira 009, wadda ba ta da ɗan gwangwanin nan mai tiyo zuwa kafireto. Ta yi yawa a kasuwa, ta kan kuma shiga kowane injin, amma in an haɗa ta da kafireton da aka yi don mai gwangwani, sai mota ta riƙa shaƙewa duk sa'ad da aka taka totur daga tsaye. Maganin da a kan yi mata shi ne a faɗaɗa ramin jet da allura, daga nan kuma shan mai ya tashi. Koyil ɗin wata mota dabam shi ma ya kan yi zafi ya cinye kwantak. Alamarsa ita ce mota ta mutu bayan tafiyar rabin sa'a, ta huce ta tashi kamar ba abin da ya faru.

Akwai wani ciwo mai kama da wannan wanda ba ruwansa da wuta. In an toshe hanyar shaƙar iskar tanki, ko an sa masa murfin da ba nasa ba, mota ta kan yi 'yan mil ta mutu. A buɗe murfin nan take. In an ji ya ja iska, an kama ɓarawo. Galan ɗin da a kan tarar an ɗaure cikin mota da tiyo zuwa injin kuwa, yana cewa ne tanki ya yi tsatsa ko famfon mai ya gaji.

A kan fetur ba za mu sassauta murya ba. Tankin Kombi yana gaban injin ne, ya kuma fi famfon mai tudu, saboda haka in tiyo ya fashe mai ya kan ci gaba da zuba da kansa ko an kashe makulli, a wurin da koyil da distiribita da salansa su ke. Gangar jikin injin kuwa da gaurayen ƙarfen magnisiyam aka yi ta, wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, sai ma ya ƙara masa ƙarfi. Tiyon ruwa na leda, da matatar mai ta roba da aka rataye tana lilo bisa distiribita, da ɗan bututun tagulla na bakin kafireto wanda ya soma sassautawa, da bututun ƙarfen da ke ratsa kwano ba robar da ke kāre shi daga gogayya, waɗannan su kaɗai ne ba a jira a gane dalilinsu. A sake su ran da mota ta shigo gida, kafin a ɗauki yaro ko ɗaya a cikinta.

Wayoyi, birki da sauransu

Jamusawa sun yi wayarin ɗinsu da tsari: ruwan ƙasa ita ce ta komawa jikin mota, ja tana ɗauke da wutar batir kullum, baƙa sai an murɗa makulli. Fis fari amfiya 8 ne, ja 16. Duk wayar da ta saɓa wa wannan, baƙuwa ce, a bi ta daga farko har ƙarshe. Fis an yi shi ne ya zama mafi rauni, ya mutu a madadin waya. Wanda ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba, ko ya sa ƙusa a gurbinsa, ya mai da raunin cikin damin wayoyin da ke bin jikin mota. A mayar da fis na ƙa'ida, a riƙa kunna abubuwa ɗaya-ɗaya har a ga wanda ke ƙona shi. Kayan aikin duka ƙwan fitila ne da waya biyu. In batir na sauka da dare, a cire kansa na komawa jiki, a sa ƙwan a tsakani, kome yana kashe. In ya kama, a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. A sani kuma wayar da ke kai wa koyil wuta ba ta bi ta fis ba, don haka duk abin da wani ya rataya mata, rediyo ne ko ƙarin fitila, hatsari ne.

Ga wani abin mamaki. Akwai wata faffaɗar waya saƙaƙƙiya da ke haɗa giyabos da jikin mota. In ta ruɓe, ko an manta da ita bayan an sauke injin, wutar kik ta kan nemi hanyar komawa ta wayar kuloci ko ta totur. Sai a ga kik yana nauyi, wayar kuloci kuma tana yawan tsinkewa, ba wanda zai ce abu ɗaya ne. An sayi batir da yawa saboda wannan.

Baƙin man injin lita biyu da rabi ne kacal, ba shi da matata sai 'yar rariya a ƙasa, shi ya sa a ke sake shi kowace mil 3,000. In an kwance rariyar a duba abin da ta tara. Ɗan baƙin laka ba kome. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli, ko gutsattsarin gam da wani ya shafa a madadin gasket, wannan magana ce. Man da ya yi kauri ainun, har wani ya kan gauraya na giya don ya ɓoye ƙwanƙwasa da shuɗin hayaƙi, yana sa bawul ɗin da ke tsare ƙarfin mai ya karkatar da shi daga abin sanyayawa, zafi ya daɗa ƙaruwa.

Birki shi ne inda dabarar hanya ta fi muni. In ƙafa ɗaya tana yoyo, a kan daddale bututunta da guduma ko a cusa masa ƙusa, mota ta koma tsayawa da ƙafa uku. Alamarsa, in an taka birki ta fizga gefe guda, gefen da ke aiki. A ɗaga kowace ƙafa, wani ya taka, a gwada juya ta da hannu. A duba abin da ke cikin kwalbar man birki: ruwan sabulu ya kan sa tsatsa, baƙin mai ko man giya kuwa ya kan kumbura dukan robobin, in ya shiga sai an sake su gaba ɗaya. Tsohuwar Kombi mai gilashin gaba biyu yawanci hanyar man birkinta ɗaya ce, huda guda ta isa ta raba direba da ƙafa huɗu. Na kuloci da giya ba su kai wannan ba. Mota mai karkarwa wajen tashi, a duba lanƙwasar bututun da wayar kuloci ke bi kusa da giyabos kafin a zargi faifan. In an miƙar da shi sai ta yi ta rawa. Sandar giyar da aka ɗaure da robar tif don kada ta fita, a fara duba robobin da giyabos ke zaune a kai.

Da makaniki kuma, shawararmu ita ce mai mota ya faɗi abin da ya gani da abin da ya ji, da sanyi ne ko da zafi, a tudu ne ko a gangare, ya bar masa faɗin sunan ciwon. In ka ce masa kafireto ne, kafireto zai kwance, don kai ka biya. A roƙe shi ya sake abu ɗaya, a gwada mota, a rubuta, kana a taɓa na biyu. In an sake biyar rana ɗaya ta warke, ba a san wanne ne ba, in kuma ta ƙara lalacewa haka. Tsarin da ya fi shi ne bawul tukuna, sa'an nan kwantak, sa'an nan lokacin wuta, kafireto a ƙarshe, gama shi ne a kan fi zarga, shi ne kuwa ya fi kowa ƙarancin laifi.

Bayan duk wannan ne a ke tambaya ko injin na bukatar kwancewa, gwaji biyu kuma ke ba da amsa. Na farko a auna matsin kowace silinda da ma'auni ta ramin fulogi, bayan an daidaita bawul. Abin dubawa shi ne ko huɗun sun yi kusa da juna. In ɗaya ta faɗi ƙwarai, a zuba mata cokali guda na baƙin mai a sake aunawa: in ta tashi, zobban fistin ne suka cinye, in ba ta tashi ba, bawul ne, ko kuwa kan silinda ya saki, abin da ya kan faru in wani ya ɗaure dogayen kusoshinsa da ƙarfin tsiya har suka tsinke zaren gangar injin. Na biyu a kama babban fuli da hannu biyu, a tura a jawo. Wasan da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.15 ba, abin da da ƙyar hannu ke ji. In ido ya ga motsi, kunne ya ji ƙwas, mazaunin karanshaf ya ci.

In ɗayan waɗannan ya tabbata, to, a sauke shi. Noti huɗu ne ke haɗa shi da giyabos. Mai mota ya tsaya a wurin da littafinsa, a ɗauki hoton kowane gefe kafin a taɓa, a ƙirga murafan kwano a gwada da hoton da ke cikin littafin motar, a nemo waɗanda suka ɓace tun injin yana ƙasa. 'Yan farantan nan na ƙarƙashin silinda kuwa a tabbata an maƙala su kafin a sa bututan sandunan bawul a ɗora kawunan silinda, don in an riga an ɗaure kai ba su shiga sai an sake kwancewa.